Faifai uku ko huɗu? Garmar da ta dace da ƙarfin taraktarka a ƙasar Zazzau

Ruwa ya sauka da daddare, gari ya waye da ƙamshin ƙasa, kafin hantsi taraktar haya ta iso gonar kawuna da ke kan hanyar Giwa. Mai ƙarfin doki 75 ce, ga shi a rubuce ɓaro-ɓaro a jikinta, ta goyo garma mai faifai huɗu. Kawu ya yi murna, domin a lissafinsa huɗu sun fi uku saurin gama aiki. A tudu, inda ƙasar take da rairayi, ta wuce sumul. Da ta gangara wajen da laka take sai kukan injin ya sauya, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, tayoyin baya suna ta juyawa suna watso ƙasa amma tafiyar ba ta wuce ta hawainiya ba. Direban ya waiga, ya ɗan ɗaga garmar, sai motar ta samu sa'ida. Haka ya ƙarasa gonar.

Da yamma na tsugunna na tura hannu cikin kwarin da faifan ya bari. A tudu hannuna ya nutse har wuyansa. A gangare ko tsawon yatsa bai kai ba, ƙarƙashinsa kuwa ƙasa ce tauri kamar daɓe, ga sheƙin da taya ta goge. Na ce, "Kawu, nan fa ba a kafce ba, shafa aka yi." Ya ce, "Ai ka ga ta juye, ɗana." Ta juye ɗin a ido. Masarar da ta fito a wajen ita ta ba da sauran labari, don ruwan Agusta na fara kwanciya ta yi rawaya ta tsaya cak. Kuɗin hekta cikakke aka biya, rabin aiki aka samu.

Tun daga ranar nake bin wannan magana, kuma yanzu da ƙungiyoyin manoma da masu hali suke haɗa kuɗi suna sayen tarakta, tambayar ta zama ta kowa: doki nawa, faifai nawa?

Lambar da ke jikin mota ƙarfin injin ne shi kaɗai, an auna shi yana sabo. Doki ɗaya kilowat 0.746 ne, wato doki 75 kusan kilowat 56 ke nan. Amma kafin wannan ƙarfi ya isa bakin faifai sai ya bi ta giya, ya bi ta ƙafa, ya sauka kan taya, taya kuma ta kama ƙasa. A kowace gaɓa ana rage wani abu. A ƙasar gona, taraktar da ƙafafun baya kaɗai ke jan ta, abin da yake isa ga garma bai cika wuce rabi zuwa kashi biyu cikin uku ba. Ƙara da cewa Zariya tana kan tudu, sama da mita 600 daga teku, ga zafin Afrilu da Mayu, kuma injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke cusa masa ƙarin iska, yana ɗan rasa numfashi a irin wannan iska. Idan kuwa motar ta hannu ce, ta sha aiki a wata ƙasa kafin ta zo, ringi ya ci, nozul ya gaji, to dokin 75 na takarda ne kawai. Tsofaffin Fiat da aka haɗa a Kano da Steyr na Bauci da har yanzu ake gani a ƙauyukanmu suna aiki, Allah ya saka wa kanikawa, amma ba wanda zai rantse cewa ƙarfinsu na ranar farko yana nan.

Ita kuwa garma, nauyin janta daga abu uku yake fitowa: faɗin da take yanka, zurfin da take shiga, da irin ƙasar. Faifan da aka fi sayarwa a nan mai inci 26 ne, kowane ɗaya yana yanka faɗin santimita 25 zuwa 30. Faifai uku suna ɗaukar kamar santimita 80, huɗu kuma mita ɗaya da ɗan ɗori. Idan ka sa zurfin santimita 20, faifai uku a jigawa mai taushi suna buƙatar jan da bai fi na kilo 500 ba. A ƙasa mai matsakaicin ƙarfi ya kai kamar 800. A laka mai nauyi yana iya kaiwa 1,300 har 1,600. Faifai huɗu a wannan lakar suna neman kusan tan biyu. To ita tarakta mai doki 75 nauyinta bai fi tan biyu da rabi ba, kuma abin da tayoyin baya za su iya ja a ƙasar gona kusan rabin nauyin motar ne. Ka ga inda gizo yake saƙa. Injin taraktar da ta zo gonar Kawu bai ƙare ba tukuna lokacin da ƙasa ta ƙi riƙe taya. Shi ya sa ake kuskure idan aka tsaya kan lambar doki kaɗai. Ƙa'idar da masu sayarwa suke bayarwa, wato doki 20 zuwa 25 ga kowane faifai, tana da amfani a matsayin mafari, amma ba ta san ko gonarka tana Soba ce ko tana bakin kogin Galma ba.

Ƙasar Zazzau kuwa ba iri ɗaya ba ce, ko a gona guda. Yawancin tudunmu sama rairayi ne mai ɗan laushi, ƙasa da shi kuma jar ƙasa mai yumɓu, wani wurin da marmara ko tsakuwa. Wannan saman yana yin ɓawo idan ruwa ya doke shi rana ta biyo baya, kuma a ƙarshen rani yana ƙanƙamewa har fartanya ta yi tsalle. Fadamun Galma da na Kubanni laka ce, a bushe dutse, a jiƙe danƙo. Wannan ne ma dalilin da garmar faifai ta fi karɓuwa a nan fiye da mai baki irin ta shanu: faifai yana mirginawa ya haye kututture da dutse, mai baki kuwa sai ta kafe ko ta karye.

Bari mu ɗauki haɗin ɗaya bayan ɗaya.

Ƙaramar tarakta mai doki 45 zuwa 50, irin su Massey Ferguson 135 da 240 ko Mahindra 575, abokin tafiyarta faifai biyu ne. Mutane suna raina wannan haɗin, ni kuwa ban raina shi ba. Idan tana tafiyar kilomita 5 a awa, aka cire lokacin juyawa da tsayawa, za ta kafce kamar hekta ɗaya da rabi a yinin awa takwas. Ba ta shan gas da yawa, tana shiga ƙananan gonakin gado da aka rarraba tsakanin 'yan'uwa, tana juyawa a lungu ba ta taka ta maƙwabci ba, ga ta da sauƙin gyara. Ga mutumin da gonarsa ba ta wuce hekta 15 zuwa 20 ba kuma ba haya zai yi ba, ta ishe shi har ta ja masa tirela da kaka. Inda take gazawa shi ne idan aka ce za a yi kasuwanci da ita, domin kwanakin kaftu a nan kaɗan ne, layin masu jira kuma dogo. Sai mai ita ya ɗaura mata faifai uku. A jigawa bayan ruwa mai kyau za ta ja, ba musu. A laka kuwa kuloci ne zai biya bashin.

Sai haɗin da ya cika ƙasar nan, wato doki 60 zuwa 75 da faifai uku. Massey Ferguson 375, New Holland TT75, John Deere 5075E, duk a wannan aji suke. Da faɗin santimita 80 da tafiyar kilomita 5 a awa, lissafi yana ba da hekta 0.4 a awa, idan aka cire kwata don juyawa da gyare-gyare ya koma 0.3, wato kusan hekta biyu da rabi a yini. Abin da ya sa nake son wannan haɗin shi ne rarar ƙarfin da ke cikinsa. A tudu motar tana tafiya cikin walwala, direba ma yana iya ƙara giya. Idan ta faɗa laka ko ta haɗu da saiwar tofa da ta yi shekaru, akwai sauran numfashi, ba sai an ɗaga garma ba. Zurfin da aka fara da shi a bakin gona shi za a ƙare da shi. Mai doki 60 tana kan iyaka a laka, mai 75 tana da sarari. Ga kuma maganar kayan gyara, wadda ba ƙarama ba ce: boris ɗin faifai, filta, famfon haidirolik na irin waɗannan motoci ana samunsu a Sabon Gari, in ya yi wuya a Kaduna ko Kano, kuma bakaniken da ya san cikinsu ba ya wuyar samu.

Yanzu ga jarabar da ta fi kama mutane, doki 75 da faifai huɗu. Dalilin a fili yake. Mai haya da hekta ake biyansa, ya ga faifai ɗaya zai ƙara masa kashi ɗaya cikin uku na faɗi, sai ya ɗauka kuɗinsa ma haka za su ƙaru. A ƙasa mai taushi da danshi daidai, hakan yana faruwa, hekta uku a yini ba abin mamaki ba ne. Amma mu yi lissafin ranar da ƙasa ta yi ƙarfi. A ce mai faifai uku tana giyar da ke ba da kilomita 6 a awa, taya tana zamewa kashi 12 cikin ɗari. Tafiyarta ta gaskiya kilomita 5.3 ce, a faɗin santimita 80 tana cin hekta 0.42 a awa. Mai faifai huɗu dole ta sauko giyar kilomita 4.5, taya tana zamewa kashi 25, tafiyarta ta koma 3.4, a faɗin santimita 105 ta ci hekta 0.36. Mai faifai uku ta riga ta gama, da zurfi cikakke, da ƙarancin gas, tayoyinta kuma ba su goge a banza ba. Tayar baya ta tarakta kuwa duk wanda ya taɓa sayenta ya san ba abin wasa ba ce. Hanya ɗaya da mai huɗu zai bi ya ci riba a irin wannan ƙasa ita ce ya rage zurfi, wato ya ɗora asarar a kan manomi, kamar yadda aka yi wa Kawu.

Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba. Garma mai faifai huɗu ta fi tsawo ta fi nauyi, kuma nauyin nata can baya yake rataye. Idan aka ɗaga ta a kan hanya ko a bakin gona, gaban motar yana yin sakayau, sitiyari ya daina jin magana, a hawan tudu ko tsallake kwalbati ma goshin yana iya tashi sama. Ana so aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na nauyin motar ya zauna kan ƙafafun gaba. Waɗannan ƙarafan da ake jerawa a goshin tarakta aikinsu ke nan, amma sau nawa ka ga an cire su an ajiye, ko ma an sayar?

Faifai huɗu gidansu na gaskiya shi ne tarakta mai doki 85 zuwa 90 ko sama, musamman mai jan ƙafa huɗu, wadda direbobi ke kira fowil. Wannan tana da nauyi, kuma duk nauyin nata yana aiki tunda tayoyin gaba ma suna ja. Ga mai babbar gona a shimfiɗe wajen Soba ko Maigana, ko mai noman shinkafa a fadama, ko ƙungiyar da ta tabbatar tana da ɗaruruwan hekta a jere, ita ce daidai. Sai dai tsadarta ba a wajen saye kaɗai take ba. Ƙafar gaba tana da nata giya da nata gyara, tana buƙatar fili kafin ta juya, kuma idan yawancin aikinka gonaki ne na rabin hekta a warwatse, rabin yininta a kan hanya da juyawa zai ƙare. Wani abin lura shi ne cewa fowil mai doki 75 tana iya riƙe faifai huɗu a inda mai doki 85 marar fowil take ta zamiya. Don haka idan kuɗinka ya tsaya tsakanin ƙarin doki goma da jan ƙafa huɗu, kuma ƙasarka mai nauyi ce, ni fowil zan ce ka ɗauka.

Kuskuren yana da ɗaya fuskar. Babbar mota da ƙaramar garma ɓarna ce ita ma: doki 90 da faifai biyu gas ne ake ƙonawa don yawo da nauyin ƙarfe, ga danne ƙasa. Direba kuma idan ya ji motar ba ta jin komai sai ya taka, garmar faifai kuwa ba ta son gudu. Da ta wuce kilomita 6 zuwa 7 a awa sai ta fara tsalle tana jifa da ƙasa nesa, ta bar gona tudu da kwari. In kuma ta daki kututture da wannan gudun, ƙaramar garma ba ta da ƙashin da za ta jure, sai wajen mai walda.

Yadda za ka gane ko haɗinka ya yi daidai ba ya buƙatar na'ura. Alli da turaku biyu sun isa. Yi alama a gefen tayar baya. Bari direba ya saukar da garma zuwa zurfin aiki yana tafiya, ka kafa turke inda alamar ta taɓa ƙasa, ka bi shi kana ƙirga har taya ta juya sau goma, ka kafa na biyu. Sai ya ɗaga garmar ya sake bin tsakanin turakun nan a kan ƙasar da ba a kafce ba, ka sake ƙirgawa. Idan ka samu tara, zamewar kashi 10 ce. Takwas da rabi, kashi 15. Tsakanin nan ake so. Idan ka samu bakwai da rabi ko ƙasa da haka, garmar ta fi ƙarfin motar a wannan ƙasa. Idan kuwa kusan goma ka samu, motar ta yi wa aikin nauyi, tana iya ɗaukar garmar da ta fi wannan. Kunne ma yana taimakawa. Injin da yake cikin daɗinsa, idan ka ƙara masa wuta yana amsawa nan take. Wanda aka danne kuwa sai dai hayaƙi, allurar zafi tana hawa.

Kafin ka yanke wa mota hukuncin gazawa, duba ko saiti ne. Na sha ganin faifai uku suna wahalar da doki 75 lafiyayye saboda abubuwan da ba su kai a kira bakanike ba. Faifan ya dakushe ko ya cinye har ya ragu, sai ya riƙa hawa ƙasa maimakon yanka. Ƙarfen da ke kankare laka daga faifai ya ɓace, laka ta manne, nauyi ya ninka. Ƙaramar ƙafar da ke bayan garma, wadda ke tokare ta kada ta karkace, ta saki, sai motar ta riƙa fizgewa gefe direba yana kokawa da sitiyari. Sandar sama da ke haɗa garma da tarakta ta yi gajarta, faifan gaba yana nutsewa na baya yana shawagi. Tazarar tayoyin baya ba ta dace da garmar ba, faifan farko yana yanka fiye da rabonsa. Tayoyin an bunƙara musu iska kamar na motar titi, alhali a gona ana so su ɗan kwanta su kama ƙasa, kuma ana iya ɗura musu ruwa har kashi uku cikin huɗu don ƙarin nauyi. Sannan ga hannun haidirolik guda biyu da ke gefen kujera. Ɗaya yana kafe garma a tsayi ɗaya, ɗayan yana jin nauyin ja, yana ɗan sassautawa yana mayarwa da kansa, yana kuma ɗora nauyin garmar kan tayoyin baya. Wannan ita ce dabarar Harry Ferguson da ta sa ƙananan taraktocinsa suka yi suna tun shekarun 1940, kuma don kaftu aka yi ta. Direbobi da yawa ba su taɓa amfani da ita ba saboda ba wanda ya nuna musu. A garin da yake da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da sashen injiniyan noma na Jami'ar Ahmadu Bello, da Kwalejin Aikin Gona, wannan abin takaici ne, kuma mai tarakta da zai kai direbansa ya koyi saitin garma na kwana biyu ya fi wanda ya ƙara faifai cin riba.

Wajen saye kuma ka duba kunnuwan da ake rataya garmar. Na ƙananan motoci ƙusarsu milimita 22 ce, na manya 28. Idan ba su dace ba sai an sa zobe, in ba haka ba wasan da ke tsakani zai cinye ramin.

Lokaci ma yana sauya lissafin gaba ɗaya. Gonar da ta gagari faifai uku a watan Afrilu, bayan ruwa biyu masu kyau a ƙarshen Mayu za ka ga ana wucewa kamar ana yanka tuwo. Kaftun busasshiyar ƙasa yana fito da manyan hoge da sai an bi da haro sau biyu, na ƙasa mai ruwa sharkaf kuma yana shafe ƙarƙashi ya bar daɓen da saiwa ba ta hudawa. Damƙi ƙasar daga zurfin da za a kafce: in ta dunƙule sannan ta wargaje da ka latsa, lokaci ya yi. In ta fito tsakanin yatsu kamar ƙulli, a jira. Zurfin ma ba a wuce gona da iri. Ƙasarmu mai albarka ta sama siririya ce, santimita 15 zuwa 20 sun wadatar da masara da dawa da waken suya, kuma wanda ya nutsa faifai ya tono jar ƙasa ya binne takinsa da hannunsa. Gonar da ake nomawa duk shekara a jigawa sau da yawa ma haro da rija sun ishe ta, a tayar da kunya a tazarar santimita 75 a yi shuka. Wanda ke da shanun huɗa kuma kada ya yi gaggawar sayar da su, domin ranar da layin tarakta ya yi tsawo su ne za su fitar da shi.

To idan ƙungiyarku ta tara kuɗi kuka zo kuna tambayata, ga abin da zan ce. Ku fara da gonar da ta fi kowace tauri cikin waɗanda dole ku kafce, ku auna garma da ita. In gonakinku ƙanana ne a tudu, doki 50 da faifai biyu. In haɗe suke, tudu da gangare, kuma kuna son yin haya, doki 75 da faifai uku, da ƙarafan goshi a wurinsu. In fadama ce ko fili ne mai faɗi, fowil da faifai huɗu. Akwai garmar da aka ƙera ta yadda ake iya kwance faifai ɗaya a mayar da ita mai uku, in kun same ta ku saya, ku yi tudu da huɗu, ku kwance ɗaya kafin ku gangara. In kuwa kai mai ɗaukar haya ne kawai, ka yanki kara mai tsawon santimita 20 ka sa a aljihu, ku yi magana da direba kan zurfi kafin ya fara, ka kuma bi shi har gangare kana tsoma karan a kwari.

Damina ta gaba Kawu ya jira kwana huɗu fiye da maƙwabtansa har ya samu mai faifai uku. Da ta iso gangaren nan muryar injin ta ɗan yi ƙasa, ta riƙe, ta wuce. Shi da kansa ya tsugunna ya tura hannu cikin kwarin, ya ɗago ya dube ni, ya ce a kawo wa direban fura.